Plai, saiwar gashin jiki a ƙasar Tailan

Duk wanda ya san wankan jego ya san yadda ake tsoma damin ganyen darbejiya ko runhu cikin ruwan zafi, a riƙa gasa wa mai jego jiki da shi. Mutanen Tailan ma suna da irin wannan gashi, sai dai jigon nasu wata saiwa ce mai suna plai, dangin citta, cikinta rawaya, ƙamshinta na shiga hanci.

Ga yadda suke yi. A daka ɗanyar saiwar sama-sama tare da kurkum da ɓawon wani lemun tsami nasu da ganyen tsamiya, a zuba gishiri da kafur, a ƙulle cikin farin ƙyalle ya yi kamar dunƙulen hannu. Sai a turara ƙullin kamar minti 15, a gwada zafinsa a damtse, sannan a bi jiki ana dannawa. Ƙulli biyu ake yi, ɗaya na aiki ɗaya na kan tururi. Sunansa luk prakob. Mai jego na samun rabonta a kwanakin da take kwanciya kusa da wuta bisa al'adarsu, haka ma manomi mai ciwon baya. Nan ne na ga sun fi mu dabara: zafin na cikin ƙyalle, mai gashin ce ke juya shi, ba ruwa ake watsa wa fata ba, don haka ƙuna ba ta da yawa. Ko da haka ba a ɗora shi kan buɗaɗɗen rauni ko sabon kumburi.

Noman plai kuwa sai mai haƙuri. Ana yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, a binne a farkon damina, wajen watan Mayu, a ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya, don ruwa na ruɓar da ita. Da rani ganyen ya bushe, baƙo ya ɗauka shukar ta mutu, alhali saiwar na nan a ƙasa. Mai neman man magani yakan bar ta shekara biyu zuwa uku kafin ya tone.

A ƙauyuka ana soya yankakkiyar plai cikin man kwakwa a samu man shafawa na targaɗe. Gwamnatin ƙasar ma ta saka man plai cikin jerin muhimman magungunanta, har asibitoci na ba masu ciwon gaɓoɓi.