Rukunan Kantunan Zamani: Me Ya Hana Na Abuja Girma Kamar Na Manila?

JIWA, Birnin Tarayya — A shekarar 1976, wadda Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa sabon Birnin Tarayya a Abuja, a cikinta ne aka buɗe wani rukunin kantunan zamani mai suna Ali Mall a birnin Kezon da ke jikin Manila, hedkwatar ƙasar Filifin. An raɗa masa sunan shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda ya doke Joe Frazier a dandalin Araneta da ke maƙwabtaka da wurin a watan Oktoba na 1975. Ke nan rukunin sa'an Abuja ne a shekaru, kuma har yanzu ana ciniki a cikinsa. Shi kuwa Jabi Lake Mall, wanda ya fi suna a Abuja, sai a ƙarshen 2015 ya buɗe ƙofofinsa.

Tazarar da ke tsakanin ƙasashen biyu a girman gini ta fi ta shekaru ban mamaki. SM North EDSA da ke birnin na Kezon, wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 1985, yana da faɗin daɓe na kusan murabba'in mita 500,000, wato kimanin filayen ƙwallon ƙafa saba'in idan aka jera su. SM Megamall na 1991, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja, bai yi ƙasa da haka sosai ba, sannan SM Mall of Asia na 2006 ya zarce su duka bayan ƙare-ƙaren ginin da aka yi masa. A Nijeriya kuwa, The Palms na Legas da aka buɗe a 2005, da Ikeja City Mall na 2011, da Ado Bayero Mall na Kano na 2014, da na Jabi, kowannensu yana tsakanin murabba'in mita 20,000 ne zuwa 30,000. Wajibi ne a lura cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne: alƙaluman Filifin sun haɗa dukan daɓen ginin, na Nijeriya kuwa galibi wurin da ake bayarwa haya kaɗai suke ƙirgawa. Amma ko an raba na Manila gida biyu, ɗaya daga cikinsu zai haɗiye na Jabi kusan sau goma.

Wannan batu ya shafi masu kuɗin da ke zawarcin filaye a yankin Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei, a ɓangaren yamma na Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Jiwa tsohon gari ne mai sarauta, wanda ya girmi Birnin Tarayya nesa ba kusa ba, amma a yau ya zama masaukin ma'aikata da direbobi da masu sana'ar hannu waɗanda kuɗin haya ya koro daga tsakiyar gari. Jama'a ta yi yawa, ciniki kuma ba ya yankewa. Kasuwar kayan gini da ta katako da ta dabbobi duk suna Dei-Dei, tashar jirgin ƙasa ta Idu da aka buɗe a 2016 ba ta da nisa, ga kuma babbar hanyar Kubwa. Duk da haka manyan rukunan kantunan Abuja suna Jabi ne da Apo da Wuse da hanyar filin jirgin sama ta Lugbe. Mai son zuba jari a nan yana da dalilin tambayar abin da ya sa irin wannan gini ya bunƙasa a wata ƙasa ya kuma tsuke a tasa.

Ba wai Nijeriya ta makara wajen farawa ba ne. Kamfanin UAC ya buɗe kantin Kingsway a Legas tun 1948, shekara goma kafin Henry Sy, wanda ya kafa kamfanin SM, ya buɗe shagonsa na takalma a Manila a 1958. Kantunan Leventis da UTC da Chellarams sun yi tashe a manyan birane, har yau ma mutanen Kaduna suna kiran wani shataletale da sunan Leventis. Abin da ya karya su shi ne ƙarancin kuɗin musaya a farkon shekarun 1980, sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, wanda ya karya darajar Naira. Kantin da kayansa daga waje suke zuwa ba ya jure irin wannan guguwa. Daga nan ƙasar ta shafe kusan shekara ashirin ba a gina wani abin a zo a gani ba a wannan fanni.

A daidai wannan lokaci ita ma Filifin tana cikin ukuba. Bashi ya yi mata katutu, tattalin arzikinta ya ja da baya a 1984 da 1985, kuma watanni uku bayan buɗe SM North EDSA jama'a suka kori Shugaba Ferdinand Marcos daga mulki. Henry Sy ya yi gininsa a gefen gari, a lokacin da mutane da dama ke ganin ganganci ne. Abin da ya fisshe shi shi ne bai dogara da wani ya zo ya cika masa ginin ba. Shi ne mai gida, shi ne kuma babban ɗan haya, domin babban kantin tufafi da na kayan abinci da ke ciki nasa ne. Ginin da ya fara da shi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa na yanzu ba. Sauran an yi ta ƙara shi ne rukuni-rukuni cikin shekaru talatin da wani abu, gwargwadon yadda ciniki ya ƙaru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 1994 aka sa kamfanin gine-ginen nasa a kasuwar hannun jari ta ƙasar, yana kuma cin bashi da kuɗin gida, wato feso, kuɗin da 'yan haya ke biyansa da shi. Lokacin da Sy ya rasu a 2019 shi ne mafi arziki a ƙasar, kuma kamfanin yana da rukunai fiye da 80 a Filifin a halin yanzu.

Tsarin da aka bi a Nijeriya daga 2005 ya sha bamban. Akasarin manyan rukunan an gina su ne da jarin kamfanonin zuba jari na ƙetare da bashin Dala. Kamfanin Actis na Ingila, alal misali, yana da hannu a The Palms da Ikeja da Jabi. Irin waɗannan kamfanoni ba su zo don zama ba. Al'adarsu su gina, su cika da 'yan haya, su sayar cikin 'yan shekaru, kamar yadda aka sayar da na Ikeja ga wasu kamfanonin Afirka ta Kudu a 2015. Wanda ke shirin sayarwa ba ya tanadin fili don ƙarin ginin shekara talatin. Tun da kuma da Dala aka ci bashin, sai aka riƙa ƙayyade haya da Dala, alhali ɗan haya da Naira yake ciniki.

Lissafin a bayyane yake. A ɗauka, don misali kawai, shago ne da ake biya wa hayar Dala 5,000 a wata. A 2015, lokacin da farashin hukuma ke kusan Naira 197 kan kowace Dala, hayar ba ta cika Naira miliyan ɗaya ba. A 2024, da Dala ta kai wajen Naira 1,500, hayar nan ta koma Naira miliyan bakwai da rabi, ba tare da an ƙara wa shagon ko taku ɗaya ba. A ɗora kuɗin man dizal na janareto, da ƙarin kuɗin wutar lantarki na watan Afrilun 2024 wanda ya ninka farashi fiye da sau uku ga masu samun wuta ta rukunin farko. Gini mai rufe, marar tagogi, ba ya yini ɗaya ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba.

Ta ɓangaren mai saye ma labarin bai yi daɗi ba, kuma a nan ne ainihin bambancin yake. A 2014 abin da kowane mutum ke samu a shekara, idan aka raba arzikin ƙasa da yawan jama'a, yana wajen Dala 3,000 a ƙasashen biyu, har Nijeriya na ɗan gaba. Bayan shekara goma na Filifin ya doshi Dala 4,000, na Nijeriya kuwa ya faɗo wajen Dala 1,000. Bugu da ƙari, 'yan Filifin da ke aiki a ƙetare, ciki har da dubban ɗaruruwa a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, suna aika wa gida fiye da Dala biliyan 30 a shekara, ga al'ummar da ba ta wuce rabin ta Nijeriya ba. Kuɗi ne da ke shiga hannun iyalai kai tsaye, kuma kaso mai tsoka na ƙarewa a kanti. A Nijeriya cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da hauhawar farashin da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 sun mayar da magidanta da yawa ga awon mudu da sayen ƙulli-ƙulli.

Sakamakon bai ɓuya ba. Woolworths ya fice daga Nijeriya a 2013, Mr Price a 2020. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu, wanda kusan kowane rukuni ya jingina da shi don jan jama'a, ya sayar da harkarsa ga wasu 'yan kasuwan Nijeriya a 2021, kantunan Game su ma suka bi sahu. A watan Janairun 2024 aka rufe reshen Shoprite na Ado Bayero Mall a Kano, a tsakiyar shekarar kuma na Wuse a Abuja. Idan babban kanti ya tashi, ƙananan shagunan da ke cin albarkacin masu shigowa dominsa su ne ke fara jin jiki.

Akwai kuma batun wanda aka gina wa wurin. Rukunan Abuja an tsara su ne don mai mota. Na Manila kuwa an dasa su a mahaɗar hanyoyi, da tashar bas da ta motocin haya a jikinsu, wasu kuma da gadar da ta haɗa su da tashar jirgin ƙasa. A cikinsu akwai ofisoshin gwamnati da ake sabunta fasfo, da ɗakunan shan magani, da wuraren ibada, da rumfunan abinci masu araha. Talaka yana shiga don ya biya kuɗin wuta ko ya fake wa zafi, ya fito da ɗan abin da ya saya. Ribar tana cikin yawan ƙafa, abin da duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya sani tun yana yaron shago.

Misalin da ya fi kusa da halin Jiwa shi ne Greenhills da ke San Juan, a cikin yankin Manila, wanda ke aiki tun shekarun 1970. A tsakiyarsa akwai kasuwar ƙananan rumfuna masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ana ciniki da tayi da ragi kamar kowace kasuwa. Da yawa daga masu rumfunan Musulmi ne 'yan ƙabilar Maranao daga kudancin ƙasar, masu sayar da lu'ulu'u da wayoyin hannu, kuma an keɓe musu wurin salla. Mai ginin yana karɓar haya kaɗan-kaɗan daga hannu da yawa, don haka tashin mutum ɗaya ba ya girgiza shi. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a nan: Banex Plaza a Wuse da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da benayen Kwari duk a kansa suke tafiya, kuma ba su rasa 'yan haya. Idan ana maganar tsufa ma, Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta girmi duk wani rukuni na Manila da shekara ɗari biyar.

Abin da kasuwannin gida suka rasa shi ne abin da rukunin zamani ke sayarwa a zahiri, wato hanyar da motar kashe gobara za ta bi, da wayoyin lantarki masu inganci, da magudanar ruwa, da banɗaki, da tsaro, da inshora. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, ambaliyar 2022 ta lalata kaya masu yawa a Kwari, sannan a watan Mayun shekarar aka rufe kasuwar Dei-Dei na wani lokaci bayan rikicin da ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da 'yan acaɓa. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin jarinsa ya zama toka ba zai ƙi biyan ɗan ƙari don waɗannan abubuwa ba, muddin da Naira aka yanka masa hayar.

Sai dai kafin a kai ga aza tubali a Jiwa akwai shinge biyu. Na farko takardar fili. Duk ƙasar Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya take, kuma Ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon rabawa. Takardar da aka samu daga hannun mai unguwa ko wani dillali ba ta shiga banki a matsayin jingina, ba ta kuma hana rusau. Mazauna yankin ba su manta da abin da ya faru a Idu da Karmo zamanin Malam Nasir El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ba. Na biyu kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, a lokacin da na Filifin bai kai kashi 6 ba. Ginin da sai ya shekara goma ko fiye kafin ya mayar da kuɗinsa ba ya ɗaukar bashi mai irin wannan ruwa, shi ya sa mafi yawan benayen shagunan da ke tasowa a kan hanyar Karmo zuwa Dei-Dei daga aljihun masu su ake yin su, hawa ɗaya bana, na biyu in an samu hali, da ƙarafan ginshiƙi a tsaye a saman rufi suna jira.