Garin Neman Gira: Yadda Sabunta Manhaja Kan Tsayar da Aikin Kamfani

A watan Oktoba na shekarar 2024, 'yan kasuwa a Bauchi da sauran biranen Najeriya sun sha fama wajen tura kuɗi da karɓarsu, sa'ad da bankunan GTBank da Zenith suka koma kan sababbin manhajoji, wato Finacle da Flexcube. Irin wannan tangarɗa tana iya faɗa wa ƙaramin kamfani ma, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce wata 'yar aba da ake kira manuniya.

Manuniya ƙaramin fayil ne wanda babu kome a cikinsa face adireshin wani fayil. Ta fito ne a tsarin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1980, kuma har yau tsarin Linux da kwamfutocin Apple suna amfani da ita. Misalinta kamar ɗan kasuwa ne da ya tashi daga Kasuwar Wunti ya koma Kasuwar Muda Lawal, ya bar allo a ƙofar tsohon shagonsa mai nuna inda ya koma. Yaron aike zai karanta allon ya bi. Idan wani ya cire allon, ko ya sauya rubutun, yaron zai dawo hannu rabbana, ko kuwa ya miƙa saƙon ga wanda ba shi aka aika wa ba.

Yaron aike a cikin kwamfuta shi ne jerin umarni, wato 'yan layukan da masanin kwamfuta kan rubuta domin na'ura ta riƙa yin wani aiki da kanta, kamar kwafe bayanan ciniki kowane dare ko haɗa lissafin albashi. Yawancinsu ta manuniya suke bi su sami abin da suke nema.

A watan Oktoba na 2006, masu tsarin Ubuntu sun fitar da bugu na 6.10, inda suka juya manuniyar da ake kira sh daga manhajar bash zuwa dash, domin kwamfuta ta riƙa tashi da sauri. Sunan bai sauya ba, amma dash ba ta fahimtar wasu umarnin da bash ta saba karɓa, saboda haka jerin umarni da dama suka daina aiki. Haka kuma a bugu na 20.04, wanda ya fito a Afrilun 2020, sabuwar kwamfuta ba ta zuwa da umarnin python, bayan da aka daina kula da Python 2 a farkon wannan shekarar. Har ila yau, a Satumban 2019, wani sabuntawa daga kamfanin Google ya goge wata muhimmiyar manuniya a wasu kwamfutocin Apple da aka kashe wa kariyar tsari, suka ƙi tashi, abin da ya tsayar da masu tace finafinai a Amurka.

Ta fuskar tattalin arziki, asarar da ta fi tsanani ita ce wadda ba a gani nan take. Kwamfutar da ta ƙi tashi kowa zai lura da ita, a kira mai gyara. Amma jerin umarnin da ke kwafe bayanai da dare yana iya mutuwa shiru, a yi watanni uku ba a sani ba, sai ranar da na'ura ta lalace a tarar babu lissafin bashi, babu na kaya. Kuɗin sayen manhaja yakan fito a kasafin kamfani, alhali kuwa kuɗin gwaji, wanda ya fi shi arha, sau da yawa ba a ware masa ko kwabo.

Ƙin sabuntawa ma ba mafita ba ne, domin tsohuwar manhaja ƙofa ce ga ɓarayin intanet. Abin da ya kamata mai kamfani ya yi shi ne ya nemi masanin kwamfutarsa ya rubuta masa duk ayyukan da na'ura ke yi da kanta, da manuniyoyin da suka dogara a kansu. Sa'an nan a kwafe bayanai a ajiye a wani wuri dabam, a gwada sabon bugu a kan kwamfuta ɗaya tukuna, kuma a tanadi hanyar komawa kan tsohon idan abin ya ƙi. A guji yin wannan aiki a ƙarshen wata ko jajiberin Sallah, lokacin da ciniki ke kankama. Bayan an gama, kashegari da safe a buɗe ajiyar bayanai a duba ko tana ɗauke da kwanan watan jiya.