CIWON DAJI NA HUHU: ABIN DA YA SA A KE GANO SHI A MAKARE A WATA GUNDUMA FIYE DA WATA

Bayani domin hakimai da malaman ofisoshinsu a ƙasar Daura

Ya kan yiwu mutum biyu su kamu da ciwo iri ɗaya cikin wata ɗaya, guda yana zaune cikin birnin Daura, guda kuwa a wani ƙauye can bakin iyaka a ƙasar Baure ko Mai'adua. Na birni ya ga likita tun ciwon yana ƙarami. Na ƙauye ba ya isa gaban likita sai ciwon ya ci ƙarfinsa, ko kuwa ya rasu a ɗakinsa ba wanda ya san sunan abin da ya kwantar da shi. Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma jinkirin da ya raba mutanen nan biyu abu ne da a ke iya aunawa, a ke kuma iya ragewa, kuma babban rabo na aikin yana hannun hakimai da dagatai da malamansu.

Yadda ciwon ya ke

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, wani tsiro ne da kan fito cikin naman jiki, ya yi ta girma ba tsayawa. In ya kama huhu ya kan fara ƙarami a gefe ɗaya, ya daɗe bai yi zafi ba, gama naman huhu ba ya saurin jin ciwo. Likitoci sun kasa tafiyarsa mataki 4. A mataki na 1 tsiron yana wuri guda, likita yana iya yanke shi. A na 2 da na 3 ya ƙara girma, ya kai ga kaluluwar ƙirji. A na 4 ya yaɗu zuwa ɗaya huhun, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. In an ce an gano ciwon a makare, watau an same shi a mataki na 3 ko na 4.

Bambancin matakan nan ba kaɗan ba ne. A Ingila, inda a ke rubuta labarin kowane majinyaci, fiye da rabin waɗanda a ka gano a mataki na 1 suna nan da rai bayan shekara 5. Waɗanda a ka gano a mataki na 4 kuwa, wajen 5 cikin 100 kaɗai ke kaiwa haka. Bisa ga lissafin hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin 2022 mutum wajen miliyan 2 da rabi su ka kamu da wannan ciwo a duniya, wajen miliyan 1 da dubu 800 su ka mutu. Ba wani ciwon daji da ke kisa kamarsa.

Babban sanadinsa shan taba. Cikin 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, su ka nuna haka da lissafin majinyatan asibitocin Landan, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 85 cikin 100 na masu ciwon taba ce ta jawo musu. Sauran sun haɗa da masu zama cikin hayaƙin mashayin taba, da hayaƙin girki a ɗakin da ba mafita, da hayaƙin injin gas, da ƙurar wani farin ma'adini mai zare da a ke kira asbesto. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin gudun mai shi.

Abin da taswira ta nuna a waɗansu ƙasashe

Cikin 1975 hukumar binciken ciwon daji ta Amurka ta buga taswirar ƙasar gunduma gunduma, tana nuna yawan waɗanda ciwon daji ya kashe daga 1950 zuwa 1969. Sai ga ciwon huhu ya taru a waɗansu gundumomi na bakin teku a kudu maso gabas. Da a ka bi sawu, a ka tarar da yawa cikin mazan wurin sun yi aiki a masaƙar jiragen ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda su ka shaƙi ƙurar asbesto. Har yanzu a ƙasar, jihar Kentaki, inda shan taba ya yi yawa, ta ninka jihar Yuta wajen sau 3 a yawan masu ciwon.

A ƙasar Sin kuma akwai wata gunduma, Shuwanwei, cikin lardin Yunan, inda ciwon ya yi yawa ga mata, alhali kuwa matan ba mashaya taba ba ne. Binciken da a ka yi ya kai ga murhu: suna girki da wani gawayin ƙasa mai hayaƙi cikin ɗaki marar mafita. Gidajen da su ka gina wa murhunsu bututun fitar hayaƙi, ciwon ya ragu a cikinsu.

Abin lura a nan shi ne, a duk wuraren nan ba a gane sanadi ba sai da a ka rubuta inda kowane majinyaci ya fito. A Nijeriya an fara irin wannan rajista ta ciwon daji a asibitin koyarwa na Ibadan cikin 1960. Amma rajista ba ta ƙirga sai wanda ya iso gaban likita.

Abubuwan da ke kawo jinkiri a ƙasar Daura

Ƙasar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, watau Daura, da Sandamu, da Mai'adua, da Zango, da Baure. Manyan asibitoci suna cikin birni, kamar Babban Asibitin Daura da asibitin sojan sama da a ka buɗe cikin 2019. Tabbatar da ciwon daji na huhu kuwa ba ya yiwuwa da hoton ƙirji kaɗai. Sai an yi babban hoto da na'ura, kana a tsakuri ɗan naman tsiron a duba shi da madubin likita. Wannan aikin asibitin koyarwa ne. Daga Daura zuwa Katsina wajen mil 50 ne, zuwa Kano wajen mil 80, daga Kano zuwa Zariya kuma wajen mil 100. Shekaru da yawa mai bukatar a gasa masa tsiron da na'ura sai ya dangana da Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Cikin 2025 a ka buɗe cibiyar jinyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, hanya ta ragu ƙwarai. Duk da haka mutumin ƙauyen Baure sai ya yi tafiya biyu, ta zuwa Daura da ta zuwa Katsina, a inda mutumin birni zai yi ɗaya. Nisa shi ne sanadi na farko.

Na biyu, kamar da ke tsakanin ciwon nan da tarin fuka. Alamunsu kusan ɗaya ne: tari mai daɗewa, jini cikin kaki, rama, haki, ciwon ƙirji, da dusashewar murya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, don haka duk wanda ya zo da waɗannan alamu, shi a ke fara zato, kuma daidai ne a fara da shi. Haɗarin yana ga wanda a ka gwada kakinsa ba a sami komai ba, ya koma gida yana murna, tari kuwa bai bar shi ba. Haka kuma wanda ya shiga shan magani na wata 6, ya yi wata 2 ba sauƙi, ya yi shiru yana jiran wa'adi ya cika. Watannin nan su ne ke kai tsiron daga mataki na 2 zuwa na 4.

Na uku, lokacin shekara da halin aljihu. Da hunturu kowa tari ya ke yi, sai a ɗora wa hazo laifi. Da damina magidanci ba ya barin gona, hanyoyin ƙauye kuma su kan yanke. Sai kaka ta yi, an sayar da gero ko wake, sa'an nan a yi zancen asibiti. Kafin nan an sha na kemis, an sha saiwa da sassaƙe, wani ma ya ce jifa ne ko sammu.

Na huɗu, mata. Macen da ta shekara 40 tana hura wutar kara da itace da kashin shanu cikin ɗakin girki marar taga, huhunta ya sha hayaƙi ko da ba ta taɓa riƙe sigari ba. Ba ta cika faɗin ciwonta ba, ba ta kuwa fita sai da yardar maigida da kuɗin mota.

Yadda a ke karanta lissafi

A nan ne ya kamata malamai su yi hattara, gama lissafi ya kan ruɗi wanda bai san kansa ba. A ɗauki misali kawai. Gunduma ta farko tana da mutum 200,000, an sami masu ciwon 10. Ta biyu tana da mutum 50,000, an sami 5. Wanda ya dubi 10 da 5 zai ce ta farko ta fi ciwo. Amma in an auna bisa kowane mutum 100,000, ta farko 5 gare ta, ta biyu 10. Ashe ta biyu ta ninka ta farko.

Sa'an nan a tambaya, cikin waɗanda a ka samu, nawa su ka zo a makare? In gunduma ta aika da mutum 5, dukansu kuwa a mataki na 4, to, ta nuna akwai shinge tsakanin talakawanta da likita. Har wa yau a duba shekarun mutane, domin ciwon ya fi kama wanda ya haura 50, taba kuma ta kan yi shekara 20 ko 30 kafin ɓarnarta ta bayyana. Kada kuma a yanke hukunci da lissafin shekara ɗaya, sai an tara na shekaru.

Mafi hatsari duka ita ce gundumar da takardarta ta fito fara, ba ko mutum ɗaya. Hakimi na iya ɗauka lafiya ce. Sau da yawa kuwa ma'anarta ita ce masu ciwon suna rasuwa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutuwa 10 a Afirka, wajen 1 kaɗai a ke rubutawa, ko da ya ke a Nijeriya dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A zamanin En'e malamin hakimi ya san yawan masu biyan haraji na kowane ƙauye da shanun jangali na kowace ruga. Irin wannan ƙwazo a ke bukata yanzu domin ran talakawa.

Abin da a ke roƙon hakimai da malamansu

1. Su umurci dagatai da masu unguwa, duk wanda tarinsa ya kai mako 2 a kai shi asibiti a gwada kakinsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

2. Wanda a ka ce ba shi da tarin fuka amma tari bai tsaya ba, da wanda ya yi wata 2 yana shan magani ba sauƙi, a mai da shi wurin likita ba jinkiri, a gaya wa likita ko yana shan taba, da irin sana'arsa. Jini cikin kaki kuwa ba a jira masa ko kwana ɗaya.

3. Wanda likita ya tura Katsina ko Kano, dagaci ya tabbatar ya tafi. In kuɗin mota ne ya hana, a tara dangi da masu hali, a kuma adana takardun asibiti wuri ɗaya.

4. Malamin hakimi ya riƙe littafi. Kowace rasuwa ta babban mutum a rubuta ƙauyensa, da shekarunsa, da ko namiji ne ko mace, da ko ya yi doguwar jinyar tari, da ko ya taɓa ganin likita. Malami ba ya sa wa ciwo suna, wannan aikin likita ne. Kowane wata 3 a kai jimla ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Littafin amana ne, ba a karanta sirrin majinyaci a zaure.

5. A sanar da dokar taba ta 2015 a masallatai da kasuwanni, har da babbar kasuwar Mai'adua, inda mutanen Nijeriya da na Nijar ke haɗuwa. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara kara, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. A gaya wa mashaya cewa dainawa ba ta makara: bayan shekara 10 zuwa 15 hatsarin ya kan ragu wajen rabi.

6. A ja hankalin magidanta su buɗe wa ɗakin girki taga ko mafitar hayaƙi, ko a yi girki a fili, kuma kada a hana mace zuwa asibiti.

Masu magana sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ranar da littattafan gundumomin nan su ka cika, hukuma za ta ga inda ya kamata a kai likita da na'urar hoto tun da fari. Gundumar da ba ta rubuta matattunta ba, ba ta da hujjar da za ta nemi wannan taimako da ita.