Uwargida, Kafin Ki Ba Da Hayar Gonarki

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kura da Bunkure, 'yar gonar da kika gāda ta zama abin nema. Da rani ya kama, sai masu shuka alkama da tumatir su yi ta aiko miki. To, kafin ki ce "na yarda", ki san abin da ke sa yarjejeniya ta tsayu gaban alƙali.

Da fari, gonar taki ce. Maigida ko yayanki ba shi da ikon ba da ita haya ko jingina sai kin wakilta shi. Idan kina cikin kulle, faɗa wa wakilinki abin da kike so a gaban shaidu. Yardar da aka samu da tilas ba ta ɗaure ki.

Sai masu ƙullawar su kasance baligai masu hankali. Ke 'yar makaranta da ake aika, saƙo kawai kike kaiwa. Cinikin ƙaramar yarinya a dukiyarta ma sai waliyyinta ya amince.

Inda mata suka fi cutuwa shi ne barin magana a dunƙule. "Ka noma, ma daidaita in an girbe" ba haya ba ce, rigima ce aka shuka. A ambaci gonar da iyakokinta, da kuɗin, da ranar biya, da ranar da zai fita. Rani ɗaya ne, ko har da damina? Wa zai biya kuɗin ruwa? In bai tashi da wuri ba, shukar shinkafarki ce za ta makara. Ki lura kuma, a mazhabar Malikiyya ba a biyan hayar gona da abinci ko da amfanin da ta fitar, don haka ki yanka da kuɗi, kada ki ce buhu kaza.

Maganar baki tana ƙulla haya, amma shaida yakan mutu, yakan manta. A rubuta, da boko ko ajami, a karanta miki kafin ki dangwala yatsa, ki adana taki takardar a ƙasan adaka.

Sayarwa da jingina kuwa suna da ƙarin sharaɗi: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar hukuma. Sa hannun dagaci kaɗai bai wadatar ba.