Tsohuwar Libarba: Abin Ado Ko Makami?

A kasuwannin gwanjo na Amurka da Ingila, tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai gangar harsasai da ke juyawa, kaya ce mai daraja. Masu tara kayan tarihi kan zuba kuɗi su sayi Colt ƙirar 1873 don kawai su ajiye ta cikin akwatin gilashi. Sai dai kalmar "tsohuwa" a wurin doka ba furfura take nufi ba. Kowace ƙasa da inda ta ja layinta.

Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ce bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, ba ta cikin sharuɗɗan sauran bindigogi, amma jihohi irin su New Jersey suna da nasu tsaurin. A Ingila an daɗe ana barin mutum ya ajiye irinta ba lasisi, muddin don ado ne. Wannan ƙofar ce wani dillali, Paul Edmunds, ya bi: yana shigo da tsofaffin bindigogi, yana haɗa musu harsasai a gida, suna ƙarewa a hannun ɓata-gari. A 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure shi shekara 30. A 2021 aka gyara dokar. Yanzu sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, da wasu ƙarin sharuɗɗa, kuma aka cire nau'in harsashi 7 daga jerin waɗanda aka yi wa sassauci. Wanda ya sayi tasa da halaliyarsa sai ya wayi gari ko ya nemi lasisi ko ya rabu da ita.

A Najeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da masu ƙanƙara irin na da, sai da lasisin shugaban ƙasa. Rasit ɗin gwanjon Landan ba zai fisshe ka a gaban kwastan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen kansa. An ƙera da yawa daga cikin waɗannan bindigogi ne don baƙin albarushi, irin na bindigar toka. Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, matsinsa ya fi ƙarfin tsohon ƙarfe. Harsashin zamani na iya shiga ramin daidai wa daida, amma kana jan kunama gangar ta tarwatse, yatsunka na nan kusa da ita. Ga kuma tsatsa, don tokar baƙin albarushi na jan danshi, tana cin bututun ta ciki alhali waje na ƙyalli. In gangar ta saki, raminta bai tsaya saitin bututu ba, dalma kan fantsalo ta gefe.

Masu ɗaukar Colt ɗin 1873 sun san halinta, shi ya sa suke ɗura biyar a ramuka shida, su bar wanda ke gaban hamar da ke bugun harsashi fayau, don ko faɗuwa ta yi tana iya tashi. Wata kuma takan fito daga akwatin gado da ɗurinta tun na kaka, baƙin albarushi kuwa in ya samu wuri busasshe yakan shekara ɗari bai mutu ba. Saboda haka gwanin gyaran bindiga, kafin ya dubi lambar ƙira ko ya yi maganar farashi, yakan kau da bakinta daga mutane, ya leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya.