Madubin hangen taurari mai sarrafa kansa: wa ke biyan kuɗinsa?

Duk wanda ya ɗaga kai sama a garin Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato a daren hunturu da hazo bai yi yawa ba, zai iya ganin wani tauraro da Larabawa suka kira Ra'asul Ghul, Turawa kuma suke kira Algol.

Kusan duk bayan kwana uku hasken wannan tauraro yakan dusashe na kimanin awa 10, sannan ya dawo. Dalili kuwa shi ne wani tauraro da ke kewaya shi yakan gifta ta gabansa, tamkar yadda ake yin husufi.

Taurari masu irin wannan sauyi suna da yawan gaske, wasu ma fashewa suke yi ba zato ba tsammani. Bin diddiginsu na bukatar kallo dare bayan dare, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wannan ne ya sa masana suka ƙera madubin hangen nesa da kwamfuta ke sarrafawa.

Yadda yake aiki

Da faɗuwar rana, na'urori kan auna iska da gajimare da raɓa. Idan sama ta yi garau sai rufin ɗakin ya buɗe, kwamfuta ta zaɓi abin da za a duba daga jerin bukatun da masana suka aiko. Kafin gari ya waye hotuna sun isa gare su ta intanet.

Ɗaya daga cikin manyansu shi ne na jami'ar Liverpool John Moores ta Ingila, mai faɗin mita 2, wanda aka kafa a tsibirin La Palma na ƙasar Spain, ya kuma soma aiki da kansa a 2004. Idan tauraron ɗan'adam ya hango wata fashewa a sararin samaniya, madubin kan ajiye abin da yake yi ya juya can cikin 'yan mintoci.

Batun kuɗi

Sayen madubin somin-taɓi ne. Kowace shekara sai an biya injiniyoyi da masu rubuta manhaja, a sauya kayan da suka lalace, a kuma biya lantarki da intanet.

Hanyoyin samun kuɗin sun bambanta. Wani attajirin Birtaniya, Dill Faulkes, ya ba da fam miliyan 10 aka gina biyu a Hawaii da Ostareliya domin 'yan makaranta. A 2005 cibiyar Las Cumbres ta Amurka ta karɓi ragamarsu, daga baya kuma ta kafa wasu a ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu.

Wata hanyar ita ce haɗin gwiwa. A 2016 jami'ar Liège ta Beljiyam da jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh suka kafa madubi mai faɗin santimita 60 kacal a tsaunukan Atlas na Maroko. Da tagwayensa da ke Chile ne aka fara gano duniyoyin da ke kewaya tauraron TRAPPIST-1, waɗanda aka tabbatar a 2017 cewa bakwai ne.

Darasi ga Najeriya

Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, tana kuma da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Karkara irin ta Kebbe na da duhun dare da masana ke nema, sai dai ƙurar hunturu da gajimaren damina kan rufe sama watanni da dama.

Amma tunda madubin ba ya bukatar mai shi ya tsaya a kansa, malami a Sakkwato ko Zariya na iya aika bukatarsa ga wanda ke wata nahiya. Abin da ya rage shi ne a sami mai ɗaukar nauyin awannin kallon, ba na shekara guda kaɗai ba.