Masu Gadi a Cikin Jikinku

Idan ƙwayar cutar sida ta shiga jini, jikinku ba ya naɗe hannu. A cikin ƙwayoyin jininku akwai sinadarai masu gadi. Ɗaya, tetarin, yana ɗaure sababbin ƙwayoyin cutar kamar akuya a turke, kada su fita su kama na kusa. Wani, APOBEC3G, yana ɓata kwafin da ƙwayar ke yi wa kanta, 'ya'yanta su fito nakasassu.

Sai dai sida tana da wayo. Tana da Vpu mai kwance igiyar, da Vif mai halaka mai gadi na biyun. Shi ya sa ƙarfin jiki kaɗai bai isa ba. In an ɗora ku kan maganin ARV, ku sha kullum, ko kuna jin garau. Kuna dainawa, cikin 'yan makonni ƙwayar za ta koma hayayyafa.